Wutar Da Ta Taɓa Ci A Ƙarƙashin Ƙasarmu: Daga Dutsen Kagoro Zuwa Duniyar Mirrihu



Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, ƙasa ta motsa a garin Kwoi na Ƙaramar Hukumar Jaba. Washegari kafin gari ya waye ta sake motsawa. Bangon gidaje ya tsage, mutane suka fito waje a firgice, wasu ma ba su yarda sun koma ɗaki sun kwana ba. Kafin a yi haka labari ya iso mana ta waya, kowa da irin nasa ƙarin gishiri, kuma cikin abin da aka yi ta faɗa har da cewa wani dutse ne yake shirin aman wuta a kudancin Kaduna.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, kunnen da ya ji wannan motsi ya kuma rubuta shi yana nan yankinmu na Kujama. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da tashoshi kaɗan a Najeriya, kuma tashar Kaduna a nan aka dasa ta. Lissafin da hukumar ta fitar ya nuna ƙarfin motsin bai wuce kusan maki 3 ba, ya kuma taso ne daga zurfin kimanin kilomita 10, inda wata tsohuwar tsaga a cikin dutse ta ɗan goce. Ba a ga alamar wuta a ciki ba. Amma tambayar da jama'a suka yi a ranar tana bisa hanya, domin wannan ƙasa da muke nomawa ta taɓa ganin aman wuta har sau biyu a tarihinta. Ƙari a kan haka, wutar farko ita ce silar kafuwar Jos, da zuwan jirgin ƙasa Kafanchan, da kuma barin gida da kakannin wasunmu suka yi suka gangaro kudu.

Mu fara da duwatsun da muke gani kullum. Faffaɗan dutse da manyan curi-curi da ke kewaye da Kujama da Kajuru, irin waɗanda masu fasa dutse ke farfasawa a yi kankare da su, da ɗan uwansu Kufena na Zariya, ba su taɓa yin aman wuta ba. Narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, bai samu ya fito ba, sai daga baya ruwa da iska suka kwashe abin da ke bisansa suka bar shi a fili. Waɗannan su ne dattawan duwatsu, masana kuma na kiransu tsofaffin giranit. Wanda ya gina gida a gindinsu ya kwana da hankalinsa a kwance.

Dutsen Kagoro, wanda ke tsaye kamar garu a gabas da Kafanchan, labarinsa daban ne. Yana cikin wani dangin duwatsu da ake kira sababbin giranit, waɗanda suka haura 50 a Najeriya kaɗai. Duwatsun Nok suna ciki, haka Kudaru da ke kan hanyar Zariya zuwa Jos, da Riruwai a kudancin Jihar Kano, da Ningi, da Shira, da duwatsun garin Dutse, da na Jos da Bukuru. Idan aka dube su daga sama, da yawansu zagaye suke kamar zobe. Dalili kuwa, kowannensu gindin wani ƙaton dutse ne mai aman wuta. Narkakken dutse ya taru a ƙarƙashi, ya fasa ƙasa ya yi ta fesar da toka da wuta, da rumbun da ke ƙasa ya zama fanko sai rufin ya rufta ciki, sauran narkakken dutsen ya biyo tsagar da ta kewaye wurin ya daskare. Shekaru miliyoyi suka cinye saman, abin da ya rage mana shi ne saiwar. A wajen Ningi da Riruwai har yanzu ana samun ragowar toka da narkakken dutsen da aka amayar, sun zama dutse mai tauri. A nan kudu zaizaya ta fi cin ƙarfinsu.

Wani abin sha'awa shi ne yadda shekarunsu suka jeru. Mafi tsufa suna can duwatsun Azbin, arewa da Agadas a Nijar, da shekara sama da miliyan 400. Na Damagaram da Gure suna bi musu da kimanin miliyan 300. Na Dutse sun ɗan haura miliyan 200, na Jos kimanin miliyan 165, na Afu a Jihar Nasarawa kuma, waɗanda su ne 'yan auta, kimanin miliyan 140. Wato wutar ta yi ta gangarowa daga arewa zuwa kudu a hankali, tafiyar sama da kilomita 1,000. Wanda ya san tarihin fatauci zai lura cewa kusan hanyar ayarin Azbinawa ke nan, daga Azbin zuwa Damagaram zuwa ƙasar Kano, sai dai ita wuta ta riga raƙumi da nisa. Masana sun rabu kan dalilin wannan jeri. Wasu na ganin nahiyar Afirka ce ta yi ta zamewa a bisa wani wuri mai zafi, kamar a riƙa jan tabarma a kan garwashi. Wasu kuma na ganin tsofaffin tsagogi ne suka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe wannan batu, za mu sake buƙatarsa idan mun hau sama.

Wannan wuta ta farko ta mutu tun kafin a yi ɗan Adam, amma ta bar gado. Lokacin da giranit ɗin ke hucewa, ruwan zafi da tururi da suka rage a cikinsa sun ajiye ma'adinai a cikin jijiyoyin dutsen, babba a cikinsu shi ne kuza. Da dutse ya ruɓe, ruwan sama ya kwashi yashi ya tafi da shi, kuza kuwa da yake tana da nauyi sai ta kwanta a gindin rafuka. Shi ya sa aikin kuza a ƙasar Jos galibinsa wankin ƙasa ne da ƙwarya ko da injin ruwa, ba shiga rami mai zurfi ba.

Turawa ba su ne suka gano kuza ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Riruwai, da 'yan uwansu da suka koma suka kafa Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, suna narka kuza suna zuba ta a siraran ramuka, ta fito kamar tsinken ciyawa, fatake su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne ma'aikatan kamfanin Turawa da ke ciniki a Kogin Binuwai suka gani a shekarun 1880, suka fara bin sawun inda suke fitowa. A 1903 zuwa 1904 wani injiniya mai suna Laws ya hau tudun Jos da rakiyar sojoji a madadin Kamfanin Neja, ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tudun ba su miƙa ƙasarsu da daɗin rai ba, an kai musu hare-hare, an ƙone garuruwa. Daga wajen 1909 kamfanoni suka yi ta kwararowa daga Landan. Cikin 'yan shekaru aka rufe bakin maƙeran Liruwen Dalma, sana'ar da suka gada ta koma hannun masu lasisi.

Da farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwana da kwanaki a ƙasa har Loko a bakin Binuwai. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zariya, ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Wannan bai wadatar ba. Da babban layin gabas ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya nufo Kaduna, sai aka cire masa reshe zuwa Jos, aka buɗe shi a 1927, kwal na Inugu ya riƙa hawa tudu, kuza tana gangarowa teku. Mahaɗar waɗannan layuka ita ce Kafanchan, a ƙasar Fantswam. Kafin dogo babu babban gari a wurin. Dogo ne ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauran ƙabilu, ya mai da wurin ɗaya daga manyan tashoshin jirgin ƙasa na Najeriya. Siririn layin Zariya kuwa aka rufe shi a 1957. Wutar lantarkin kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 yake sarrafa ruwan Kurra, ita ma don filayen kuza aka yi ta.

Su wa suka yi aikin? Talakawa ne daga ƙasar Kano da Zariya da Sakkwato da Barno da Bauchi, da na ƙasar Faransa wato Nijar da Cadi ta yau, da kuma 'yan asalin tudun da haraji ya tilasta musu. Wasu cin rani suke zuwa su koma da damina, wasu suka zauna suka yi iyali. Mafi munin lokaci shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Najeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da mutane suka sa wa suna diban gwamna: a rubuta wa kowane lardi adadin mazan da zai kawo, hakimai da dagatai su tara su, a tura su tudu. Dubun-dubatar mutane aka kwasa haka. Sanyin Jos, da ƙarancin abinci, da cunkoso a bukkokin lebura sun kashe da dama, wasu suka gudu. A shekarar 1943 ne haƙar kuza ta kai ƙololuwarta a tarihin ƙasar nan. A ganinmu duk wanda zai ambaci wannan adadi a littafi, ya kamata ya ambaci yadda aka same shi.

Bayan yaƙi wani ma'adinin da ake zubarwa a juji, kwalambayit, ya yi daraja saboda injin jirgin sama, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Daga nan abin ya yi ta ja da baya, sai a Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe gaba ɗaya. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi.

Akwai riba ɗaya da ba wanda ya nufa. A 1928, a wani filin kuza kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, ma'aikata suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye shi ba a ba shi muhimmanci ba. A 1943 aka sake samun wani kan mutum a filin kuza na wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun wani jami'in mulki mai ilimin kayan tarihi, Bernard Fagg. Shi ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya ƙera su, ya sa wa al'adar sunan Nok. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 da irin waɗannan kaya ya fara. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka soma a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ya nuna al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Da ba a bi kuza cikin tsakuwar rafi ba, da wataƙila waɗannan kawuna suna nan kwance har yanzu.

Wuta ta biyu ta fi kusa da mu a lokaci, kuma ita ce ta cancanci a sa mata ido. Bayan dogon shiru, ƙasa ta sake buɗewa a tudun Jos da tudun Biu, ta fitar da wani irin narkakken dutse mai ruwa-ruwa, wanda idan ya huce yake zama baƙi ƙirin mai ƙananan ramuka kamar soso. Masana na kiransa bazalt. Na baya-bayan nan a cikinsu shekarunsu ba su wuce miliyan 2 ba, wasu ma ƙasa da haka sosai, shi ya sa har yanzu siffarsu ba ta lalace ba. Wanda ya bi hanyar Mangu zuwa Panyam da Kerang zai ga tuddai a jere, masu kama da tulin hatsi da aka yanke wa kai, da rami a tsakiya. A Ampang ta Yamma ɗaya daga cikin ramukan ya cika da ruwa, shi ne tafkin Pidong. Ruwan kwalba na SWAN daga gindin duwatsun Kerang yake ɓuɓɓugowa, bayan ya tace ta cikin wannan baƙin dutse. Jar ƙasar da dutsen ke bari idan ya ruɓe tana da albarka, manoman dankalin Turawa da masara na wannan yanki sun fi kowa sani. A tudun Biu irin waɗannan tuddai sun kai 80, da tafkin Tila a cikin ɗayansu. Dutsen Wase kuma, mai tsayin kusan mita 300, toshiyar maƙogwaron wani dutse ne mai aman wuta: jikin ya zaizaye, abin da ya daskare a maƙogwaro ya rage a tsaye.

Mu ma a kudancin Kaduna mun samu rabonmu. Narkakken dutsen ya malalo ta kwaruruka a gefen yammacin tudu, ya shimfiɗu a yankin Kafanchan da Manchok da Gidan Waya. Safaya da ake tonowa a wajen Nisama da Antang a Ƙaramar Hukumar Jama'a tana tare da wannan baƙin dutse, shi ya ɗauko ta daga zurfi ya kawo sama. A tudun Jos kuwa malalar ta binne tsofaffin rafuka da kuzarsu, har kamfanoni suka riƙa huda baƙin dutse suna neman abin da wutar farko ta ajiye a ƙarƙashin abin da wuta ta biyu ta rufe.

To, za su sake tashi? Babu wani rubutaccen tarihi da ya nuna dutse ya yi aman wuta a cikin Najeriya. Sai dai a lissafin duwatsu shekara dubu ɗari kamar jiya ce, shi ya sa masu bincike na Jami'ar Jos suka daɗe suna auna ruwan Pidong da maɓuɓɓugan kewayensa. Kuma Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duwatsun Biu reshe ne na wani dogon layi mai kimanin kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran Sawo Tome da Biyoko a cikin teku ya ratsa Kamaru. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, yana raye: ya yi aman wuta a 1909 har Jamusawa masu mulki suka kwashe ofisoshinsu daga Buea zuwa Duwala na ɗan lokaci, ya sake a 1922, 1959, 1982, 1999 da 2000.

Abin da ya fi ba da tsoro a wannan layi ko wuta babu a cikinsa. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke cikin ramin wani tsohon dutse a arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakarmu, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a gindinsa. Ku ɗauki kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, haka abin ya faru, sai dai kwalbar tafki ce mai zurfin mita 200. Iskar ba ta da launi, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangarawa kamar ruwa, ta shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum mutane na barci. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, yawancinsu shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun ya yi irin wannan ya kashe mutum 37, ba a ɗauki darasi ba. Sai a 2001 aka kafa bututun farko da ke zuƙo ruwan gindin Nyos yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin a da bangon da ke tare ruwan tafkin ba shi da ƙwari, idan ya fashe Kogin Katsina-Ala ruwan zai biyo zuwa Taraba da Binuwai. Wannan na cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba. Waɗanda suka tsira a Nyos galibi masu gidaje a kan tudu ne. Duk wanda ya ga tsuntsaye da dabbobi suna faɗuwa babu dalili a kusa da irin wannan tafki, tudu zai nufa, kada ya bi kwari.

Yanzu mu ɗaga kai sama, don abin da ya faru a Kerang da Kagoro ba a duniyarmu kaɗai ya faru ba. Baƙaƙen tabo da muke gani a fuskar wata idan ya cika, shimfiɗar bazalt ce, dangin baƙin dutsen Panyam. 'Yan sama jannatin kumbon Apollo 11 sun ɗebo shi a 1969, aka auna aka samu ya haura shekara biliyan 3 da rabi. Kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya kawo wani a Disamban 2020 mai shekara biliyan 2, abin da ya nuna wata ya daɗe da zafi a ciki fiye da yadda aka zata.

Zara matar wata, wadda ke haskawa da magariba ko da asuba, kyanta daga nesa ne. Gajimare mai kauri ya rufe ta, zafin samanta ya haura digiri 450, kuma kusan duk faɗinta narkakken dutse ne da ya daskare. Kumbon Magellan ya zana taswirarta da na'urar rada daga 1990 zuwa 1994. A 2023 wasu masana biyu suka koma kan tsofaffin hotunan, suka ga bakin wani rami a dutsen Maat Mons ya faɗaɗa ya canja siffa tsakanin Fabrairu da Oktoban 1991. Hujjar ta yi shekara 30 a ajiye kafin a samu mai haƙurin dubawa.

Duniyar Mirrihu, ja ɗin nan, ita ke da dutse mai aman wuta mafi girma da aka sani, Olympus Mons, wanda kumbon Mariner 9 ya bayyana a 1971. Tsayinsa kusan kilomita 22 ne, wato Everest biyu da rabi, ko Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, sau tara. Faɗinsa kimanin kilomita 600, kusan nisan Kaduna zuwa Legas a miƙe. A nan ne batun jerin Azbin zuwa Afu yake dawowa. Ɓawon duniyarmu a farfashe yake, yana motsi, wuta ba ta daɗewa a wuri ɗaya sai ta sauya mafita, shi ya sa ta bar mana duwatsu masu matsakaicin girma a warwatse. Ɓawon Mirrihu guda ɗaya ne, ba ya gusawa, nauyin abu a can kuma bai kai rabin na nan ba, don haka wuta ta yi ta tula kaya a wuri ɗaya har ya zama abin da ya zama. Masu nazarin Mirrihu sukan kwatanta wani dutsenta, Elysium Mons, da Emi Kusi na duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, mai tsayin mita 3,415, domin hamada ta adana siffarsa ba ciyawa ba daji.

Can nesa kuma, Mushtari yana da wani wata mai suna Io, girmansa kusan ɗaya da namu. A Maris 1979 wata injiniya mai suna Linda Morabito tana duba hoton kumbon Voyager 1 don daidaita hanyarsa, sai ta ga wani abu kamar laima ya taso daga gefen Io. Feshin aman wuta ne mai tsayin sama da kilomita 200, karo na farko da aka ga dutse yana aman wuta a wajen duniyarmu. Yau an san Io na da irinsu kusan 400. Zafinsa ba ragowar na asali ba ne: jan da Mushtari da sauran watanninsa ke yi masa ne yake matsa shi yana sake shi, kamar yadda waya ke zafi idan aka yi ta lanƙwasa ta. A Enceladus, ƙaramin watan Zuhal, kumbon Cassini ya ga feshi a 2005, amma na ruwa da ƙanƙara.

Hanyar da ake bi a gane ko wuta na raye a ƙarƙashi iri ɗaya ce a ko'ina, sauraro. Narkakken dutse idan yana hawowa yakan haddasa ƙananan girgiza masu yawa a jere, suna matsowa sama kwana bayan kwana, ƙasa ta kumbura, ruwan maɓuɓɓuga ya canja zafi da ɗanɗano. Ba a ga wannan a Kwoi ba, ba a kuma gan shi a Mpape ta Abuja ba lokacin da ta motsa a Satumban 2018, inda hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse na wani lokaci. Matsalarmu ita ce ƙarancin kunnuwa. Kafin a iya cewa ga daidai inda motsi ya taso ana buƙatar aƙalla tashoshi uku su ji shi, ƙasa mai faɗin Najeriya kuwa tashoshinta ba su taka kara sun karya ba, kuma kowace sai da wuta da mai kula. Tashar da ke yankinmu tana cikin waɗanda suka fi kusa da Kafanchan da gefen yammacin tudun Jos, don haka lafiyarta ta shafi mutane da yawa da ba su ma san da ita ba.

Irin wannan na'ura ce hukumar NASA ta Amurka ta sauke a Mirrihu cikin kumbon InSight a Nuwamban 2018. Ita kaɗai ce a duk faɗin duniyar, amma ta ji girgiza sama da 1,300, mafi ƙarfi mai maki 4.7 a ranar 4 ga Mayu 2022. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga wani yanki mai tsagogi da ake kira Cerberus Fossae, inda ake ganin alamun aman wuta na kusa-kusa, abin da ya sa wasu masana ke ganin har yanzu da sauran narkakken dutse a ƙarƙashinsa. Ƙura ce ta kashe na'urar. Ta yi ta taruwa a kan faifan sola kamar yadda hazo ke yi wa namu da hunturu, babu mai gogewa, wuta ta yi ta raguwa, har saƙonta na ƙarshe ya iso a tsakiyar Disamban 2022.